Shekara Hamsin Ana Jayayya Kan Akwati Ɗaya: Tarihin Littattafan Wasan Dungeons & Dragons

A watan Janairun 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva da ke jihar Wisconsin ta Amurka, wani magidanci da ke ciyar da iyalinsa da gyaran takalma ya fitar da wata haja da babu wanda ya san rukunin da za a saka ta a kanti. Akwatin kwali ne ɗan ƙarami, a cikinsa akwai siraran littattafai guda uku. Guda dubu kacal aka buga, aka haɗa su da hannu a gida, aka sa wa kowane akwati dala goma. Sunan mutumin Gary Gygax, sunan hajar kuma Dungeons & Dragons.

Shekara 49 bayan haka, a Janairun 2023, kamfanin da ya gaji wannan akwati, wanda yanzu yake ƙarƙashin Hasbro, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan wasa na duniya, ya fito bainar jama'a yana ba masu sayen littattafansa haƙuri, bayan da suka tasam masa kan wata takardar lasisi. Tsakanin waɗannan Janairu biyu akwai dogon tarihi na ɗab'i da bashi da shari'a, kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a cikinsa: idan ka sayar wa mutane littafin da ke koya musu ƙirƙirar labarinsu, wane ne mai abin da suka ƙirƙira?

Yadda wasan yake

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama kewaye da tebur. Ɗayansu shi ne jagora, shi ke bayyana duniyar da labarin ke faruwa, da garuruwanta da dodanninta da tarkunan da ke kan hanya. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, wani mayaƙi, wani boka, wani ɓarawo, ya riƙa faɗin abin da jaruminsa zai yi. Idan abin yana da haɗari, sai a jefa dayis, wato ƙwayar nan mai lambobi irin ta ludo, sai dai a nan akwai mai fuska huɗu, da takwas, da goma sha biyu, har da mai fuska ashirin. Lambar da ta fito ita ke yanke ko an yi nasara ko an faɗi.

Wanda ya tashi da jin tatsuniya zai gane rabin abin. Bambancin shi ne a nan masu sauraro suna da iko a kan labarin, kuma mai ba da shi ma bai san inda zai ƙare ba. Saboda haka littattafan wasan iri biyu ne: na ƙa'idoji, da ke bayanin yadda ake jefa dayis da lissafin ƙarfin kowa, da kuma na kasada, wato labarin da aka tsara rabinsa, da taswira da bayanin ɗakuna da abokan gaba, aka bar wa 'yan wasa su ƙarasa.

Daga sojojin dalma zuwa akwatin kwali

Asalin abin daga masu wasan yaƙi ne, waɗanda ke jera 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma a kan tebur suna maimaita yaƙe-yaƙen tarihi. A 1971 Gygax da Jeff Perren suka fitar da ƙa'idojin yaƙin zamanin takubba mai suna Chainmail, a ƙarshensa kuma aka liƙa 'yan shafuka kan bokaye da dodanni. Wani matashi a jihar Minnesota, Dave Arneson, ya ɗauki wannan ya juya shi: maimakon kowa ya jagoranci runduna, sai kowa ya riƙe mutum ɗaya, ya shiga da shi ramukan ƙarƙashin wata fada da ya raɗa wa suna Blackmoor, kuma jarumin da ya tsira a yau zai dawo mako mai zuwa da ƙarin ƙwarewa. Da Arneson ya nuna wa Gygax, sai suka haɗa hannu, Gygax ya zauna ya rubuta ƙa'idojin.

Kamfanin Avalon Hill, wanda shi ne babba a harkar wasannin yaƙi a lokacin, bai karɓi aikin ba. Don haka a 1973 Gygax da abokinsa na yarinta Don Kaye suka kafa nasu, wanda aka fi sani da TSR, sannan Brian Blume ya shigo da kuɗin da aka biya maɗaba'a. Kwafi dubun farko sun ɗauki kusan shekara guda kafin su ƙare. Kaye bai ga abin da ya biyo baya ba, domin ya rasu a Janairun 1975 yana da shekara 36, kuma rasuwarsa ce ta buɗe hanyar da iyalan Blume suka zama masu rinjayen hannun jari, abin da zai dawo ya ciji Gygax bayan shekara goma.

Littattafan farko suna da wuyar fahimta ƙwarai, har ya zama yawancin mutane daga bakin wani suke koyon wasan. Wannan rauni ya haifi kishiyoyi tun da wuri. A 1975 Ken St. Andre ya rubuta Tunnels & Trolls mai sauƙin ƙa'ida, a 1978 kamfanin Chaosium ya fitar da RuneQuest. Ita ma TSR ta gyara, ta fitar da akwatin masu koyo a 1977, sannan manyan littattafai uku masu bango mai kauri tsakanin 1977 da 1979, a ƙarƙashin sunan Advanced Dungeons & Dragons.

Kasuwar da kamfanin bai hango ba

Da farko shugabannin TSR ba su ɗauka akwai wanda zai sayi shiryayyen labari ba. Ganinsu shi ne daɗin wasan yana cikin kowa ya zana duniyarsa da kansa. Amma jagoran wasa mutum ne mai aiki ko karatu, ba kullum yake da awannin zana taswira ba. Ƙananan 'yan kasuwa ne suka fara gane haka. A 1976 wani ɗan kamfani mai suna Wee Warriors ya buga Palace of the Vampire Queen, wanda ake lissafawa a matsayin littafin kasada na farko da aka sayar shi kaɗai. A shekarar ce kuma Bob Bledsaw da Bill Owen suka kafa Judges Guild a garin Decatur na jihar Illinois, suka je Lake Geneva neman izini, aka ba su. Birnin almara da suka zana, City State of the Invincible Overlord, layi-layi da shago-shago, ya samu karɓuwar da ta buɗe wa TSR ido.

Sai a 1978 TSR ta fara buga nata, da jerin kasada uku kan yaƙi da ƙattai, da kuma Tomb of Horrors, wanda har yau ake ambatonsa saboda muguntar tarkunansa. A 1979 aka fitar da The Keep on the Borderlands, aka riƙa saka shi cikin akwatin masu koyo, ya zama ƙofar da ɗimbin yara suka shiga wasan ta cikinta. Da kasuwar ta nuna, sai TSR ta ga ba ta da buƙatar kowa, lasisin Judges Guild ya ƙare a farkon shekarun 1980 ba a sabunta ba. Wannan ne karo na farko da aka ga salon da zai yi ta maimaituwa: na waje su gano kasuwa, mai gida ya karɓe, ya ja ƙofa.

A ƙetare ma haka abin ya bazu ta hannun wasu. Games Workshop na Birtaniya ya fara girma ne da shigo da akwatunan TSR. Suwidin ta samu nata wasan a 1982, Jamus ta samu Das Schwarze Auge a 1984, a Japan kuma wata mujallar kwamfuta ta fara buga rahoton zaman wasa a 1986, wanda daga baya ya zama littattafai da fina-finan zane na Record of Lodoss War.

Shari'a ta ciki da ta waje

Kamfanin da zai yi suna wajen kai ƙara, shi aka fara yi wa barazana. A 1977 masu riƙe da haƙƙin kasuwanci na ayyukan J.R.R. Tolkien suka aiko da gargaɗi kan sunayen halittun da aka aro, dole aka sauya su a bugu na gaba. Sai rigimar cikin gida: TSR ta ce manyan littattafan nan uku sabon wasa ne dabam, don haka Arneson ba shi da kaso a cinikinsu. Arneson ya garzaya kotu a 1979, aka sasanta a 1981, aka tabbatar masa da matsayin wanda aka ƙirƙiri wasan tare da shi, da kuma kasonsa. Abotar mutanen biyu ba ta koma kamar da ba.

A Agustan 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Michigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka ya yi hasashen ko yana da nasaba da wasan, jaridu suka ɗauka suka yayata. Daga baya ta tabbata ɓacewar ba ta da alaƙa da wasan, amma sunan ya riga ya shiga kowane gida, ciniki kuma ya yi tashin gwauron zabo. Tsoron bai tsaya nan ba. A 1983 wata uwa da ɗanta ya kashe kansa, Patricia Pulling, ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, wasu majami'u suka ce koyar da tsafi ne, shirin talabijin na 60 Minutes ya ɗauki batun a 1985. Da aka zo bugu na biyu a 1989, sai kamfanin ya cire kalmomin shaiɗanu daga littattafansa, ya ƙirƙiro musu wasu sunaye.

Kafin nan Gygax ya riga ya rasa kamfaninsa. A 1985, bayan TSR ta shiga matsin kuɗi, 'yan'uwan Blume suka sayar da hannun jarinsu ga Lorraine Williams, wadda Gygax da kansa ya kawo don ta taimaka da gudanarwa. Ya yi ƙoƙarin hana cinikin a kotu bai yi nasara ba, ya bar gidan da ya gina. Da ya fitar da sabon wasa a wani kamfani a 1992, TSR ta maka su a kotu, aka ƙare da ta saye wasan ta ajiye. Da intanet ta fara yaɗuwa, lauyoyinta suka riƙa aika gargaɗi ga masoyan da ke ɗora nasu ƙirƙire-ƙirƙiren kyauta. Har 'yan wasa suka mayar da haruffa ukun sunan kamfanin abin zolaya, suka ba su fassarar da ke nufin kullum suna kotu.

Kwantai

Ta fuskar fasaha, zamanin Williams ya yi albarka. Jerin Dragonlance na Margaret Weis da Tracy Hickman, wanda ya fara a 1984, ya riga ya nuna cewa ana iya haɗa littafin kasada da ƙagaggen labari su tallata juna. Forgotten Realms na Ed Greenwood ya zo a 1987. Daga nan duniyoyi suka yi ta fitowa: Spelljammer a 1989, Dark Sun a 1991, Planescape a 1994. A 1992 an fitar da Al-Qadim, wanda aka gina kan yanayin hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya, da aljannunsa da fatakensa da biranen sahara.

Matsalar ita ce masu sayen ba su ƙaru daidai da yawan duniyoyin ba. Mai son Dark Sun ba ya sayen na Planescape, don haka kamfanin ya yanka kasuwarsa gunduwa-gunduwa, kowane littafi yana cin kuɗin zane da ɗab'i cikakke amma yana samun ɗan yanki na masu saye. Abin da ya ɓoye wannan ciwo shi ne yarjejeniyar da TSR ta ƙulla tun 1979 da Random House, mai rarraba littattafanta a kantuna. Random House na biya ne da zarar kaya sun isa sitonta, tun kafin a sayar, kuɗin kuma tamkar rance ne da za a cire daga ciniki. Duk lokacin da TSR ta buƙaci kuɗi, sai ta buga ƙarin littattafai ta tura. A takarda ana ganin shigar kuɗi, a sito kuwa kwantai ne ke taruwa, bashi yana hawa.

A 1996 asiri ya tonu. Random House ta nemi kuɗinta, ta mayar da tarin littattafan da ba su sayu ba. Maɗaba'ar da ke bin TSR bashi ta daina buga mata komai, aka sallami ma'aikata a ƙarshen shekarar, watanni suka wuce babu sabon littafi ko ɗaya. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya yi arziki da wasan kati na Magic: The Gathering, ya saye TSR da basussukanta. Shekara biyu bayan haka Hasbro ta saye Wizards ɗin kanta a kan kimanin dala miliyan 325.

Buɗe ƙofa

Ryan Dancey, wanda aka ɗora wa kula da wasan a sabon gidan, ya shiga siton TSR ya ga tsibin kayan da ba mai so, ya kuma yanke cewa kamfanin ya mutu ne saboda bai saurari masu sayensa ba. Lissafinsa shi ne riba tana cikin littafin ƙa'idoji da kowane ɗan wasa ke buƙata, littafin kasada kuwa mutum ɗaya ne a tebur ke saye. To me zai hana a bar wa wasu wahalar buga na kasada, tunda kowanne daga cikinsu talla ne ga babban littafin?

Da bugu na uku a shekarar 2000 aka fitar da buɗaɗɗen lasisi da ake kira OGL, wanda aka kwaikwayo daga tsarin manhajojin kwamfuta na kyauta. Kowa na iya ɗaukar ginshiƙan ƙa'idojin ya buga littafinsa ya sayar, ba tare da neman izini ko biyan ko sisi ba, in dai bai taɓa sunaye da halittun da kamfanin ya keɓe wa kansa ba. A dokar Amurka, tsarin wasa shi kansa ba ya samun kariyar haƙƙin mallaka, kalmomin da aka rubuta shi da su ne ke samu. Amma ƙaramin mawallafi ba shi da kuɗin zuwa kotu ya tabbatar da hakan. Abin da lasisin ya ba shi a zahiri shi ne alkawarin ba za a kai shi ƙara ba.

Ɗaruruwan littattafai suka cika kantuna, masu kyau da tarkace. A cikin masu kyan akwai Nyambe, wanda Atlas Games ya buga a 2002, duniyar almara da aka gina kan al'adu da tatsuniyoyin Afirka, irin aikin da babban kamfani ba zai saka kuɗinsa ba. Kasuwar ta cika ta batse, da aka sake gyara ƙa'idoji a 2003 ƙananan kamfanoni da yawa suka durƙushe da kwantai.

A 2008 Wizards ta sake gwada jan ƙofa, ta fitar da bugu na huɗu da wani lasisi mai tsauri. Kamfanin Paizo, wanda a baya yake buga mujallun wasan kafin a karɓe masa izini a 2007, ya ƙi bi. Ya koma ga tsohon lasisin, ya gyara ƙa'idojin bugu na uku, ya fitar da su a 2009 da sunan Pathfinder. Cikin 'yan shekaru Pathfinder ya riƙa zarce Dungeons & Dragons a ciniki a kantunan wasanni na Amurka. Wizards ta ja da baya, ta fitar da bugu na biyar a 2014 bayan doguwar gwaji da jama'a, ta kuma mayar da ƙa'idojinsa ƙarƙashin tsohon lasisin a 2016. Wannan bugu ne ya fi kowanne karɓuwa, da taimakon shirye-shiryen intanet irin su Critical Role da fim ɗin talabijin na Stranger Things.

Janairun 2023

Hausawa na cewa ba a sari biyu a rami ɗaya, amma a farkon Janairun 2023 shafin Gizmodo ya bankaɗo daftarin sabon lasisi da Wizards ke shiryawa. Daftarin ya ce tsohon lasisin ya daina aiki, duk wanda cinikinsa ya haura dala 750,000 a shekara zai biya kashi 25 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kai, kuma kamfanin zai iya amfani da ayyukan mawallafa yadda ya ga dama. Mutanen da suka shafe fiye da shekara ashirin suna gina sana'a a kan alkawarin farko suka ga ana neman janye musu tabarma.

Martanin ya zo ta aljihu. Masu biyan kuɗin wata-wata a dandalin D&D Beyond suka riƙa soke rajistarsu. Paizo ta sanar za ta jagoranci rubuta wani lasisi da ba kamfani ɗaya ke da iko da shi ba, ta kuma ce littattafan da ta tanada don wata takwas sun ƙare cikin mako biyu. Dancey da kansa ya fito ya ce ba a rubuta tsohon lasisin da niyyar a iya soke shi ba. Duk wannan kuma ana saura 'yan watanni a fitar da babban fim ɗin wasan. Wizards ta nemi jin ra'ayin jama'a, fiye da mutum 15,000 suka amsa, kusan tara cikin goma suka ƙi. Ranar 27 ga Janairu kamfanin ya sauka gaba ɗaya: ya bar tsohon lasisin yadda yake, sannan ya ɗora ginshiƙan ƙa'idojin bugu na biyar ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba shi ya rubuta ba, ba kuma zai iya janyewa ba.

Gygax ya rasu a 2008, Arneson a 2009, ba su ga wannan rana ba. Hasbro na nan riƙe da sunan wasan, da duniyoyinsa irin su Forgotten Realms, da fitattun dodanninsa, kuma a 2024 ta fitar da sababbin littattafan cika shekara hamsin. Amma ƙashin bayan wasan, yadda ake gina jarumi da yadda dayis ke yanke hukunci, ya fita daga hannunta har abada. Sharaɗin da ya rage guda ne: a ambaci inda aka samo. Marubuci a Abuja ko Accra ko Jakarta na iya fassara waɗannan ƙa'idoji zuwa harshensa, ya zana nasa birni da nasa dodanni, ya buga ya sayar, ba tare da ya aika wa kowa wasiƙar neman izini ba, irin wadda ta kai Bledsaw da Owen Lake Geneva a 1976.